Yanar Idon Mota

Kusan shekara biyu na yi ina zargin idanuna da laifin da ba su aikata ba. Da rana lafiya lau nake karanta rubutun ɗalibaina, har na waɗanda ke rubutu kamar sawun tururuwa. Amma da zarar magariba ta yi na shiga mota, sai hanya ta riƙa ɓoye mini kanta. Rami ba na ganinsa sai na ji shi a ƙuguna. Mai tafiya a ƙasa kuwa sai dai in gan shi kwatsam a gefena kamar daga ƙasa ya tsiro. Na ce wa kaina girma ne ya fara sallama, tunda na haura arba'in. Na je wajen likitan ido a nan Maraɗi, ya sa na karanta haruffan allonsa tun daga manya har ƙanana, ya haska cikin idon ya duba, ya ce bai ga abin tashin hankali ba. Ban yarda da shi ba. Daga can kasuwa na wuce na sayi tabarau, irin wanda ake gwadawa a tsaye har a dace. Shi ma bai ƙara mini komai ba sai ciwon kai.

Motar tawa ƴar ƙarama ce ƙirar 2005, irin waɗanda aka riƙa saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ana koro su ta Malanbil da Gaya. Ta ci ƙuruciyarta a Turai, ta zo ta tsufa a hannuna. Ba ni da rumfar ajiye ta. A ƙofar gida take kwana, a filin lakwal take yini, rana na dukanta tun hantsi har la'asar. Nakan canza mata mai a kan lokaci, nakan duba taya da birki, amma ban taɓa tsayawa a gabanta na kalli fitilunta da idon basira ba. Wa ke kallon fitila da rana? Da dare kuma a bayanta kake zaune.

A cikin hunturun bara aka yi mana rasuwa a Tasawa, na ɗauki Kawu muka tafi gaisuwa. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya fi shekara talatin yana jan motar haya tsakanin Maraɗi da Damagaram, bai ajiye tuƙi ba sai da yana ta rufe masa idanu. Ƴan watanni kafin wannan tafiya aka yi masa aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana ganin allura a ƙasa. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 120 ce, na yi lissafin za mu dawo da sauran rana. Amma gidan rasuwa ba a fita da gaggawa. Muka yi magariba a Gazawa, kafin mu wuce Agye duhu ya rufe, ga hazo ya sauka kamar an watsa gari a iska.

Ina gudu wajen kilomita 90 a awa, na sunkuyo kan sitiyari ina ƙura wa hanya ido. Can sai Kawu ya ce, “Ɗan nan, rage wuta.” Na ɗan ɗaga ƙafa don girmamawa kawai, a raina ina cewa tsofaffi da tsoro. Ba a yi minti guda ba ya daka tsawa, “Amalanke!” Sai a lokacin na ga wani tudu baƙi ƙirin ya cika hannuna na hanya. Na taka birki, na karkata sitiyari hagu, madubin gefe ya daki karan da ya leƙo, motar ta yi ƙara ta tsaya a karkace a tsakiyar kwalta. Allah ya sa babu mai zuwa daga gaba.

Amalanken shanu ne, an lafta masa karan gero har ya fi ɗaki tsawo. A can sama wani yaro ne zaune riƙe da igiya, bai fi shekara goma ba. Bai yi kuka ba, bai ce uffan ba, kallonmu kawai yake yi. Ni kuwa ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Da na samu bakin magana sai na ce, “Kawu, idanun nan nawa sun gama aiki. Daga yau na bar tuƙin dare.”

Bai ba ni amsa ba. Ya sa na gyara tsayuwa a gefen hanya, ya zagaya gaban motar, ya tsuguna, ya shafa fuskar fitilar da tafin hannunsa kamar mai duba goshin marar lafiya. Sannan ya ce in zo in shafa. Na ji ta da kaushi kamar bayan ƙwarya. Da na duba da fitilar wayata, sai na ga ta yi launin ruwan tsamiya, ba ka ko hango ƙwan da ke ciki. Kawu ya ce, “Idonka lafiya lau. Motarka ce ta yi yana.”

Don kada in yi gardama, ya ce in koma mazaunina in kunna ƙaramar wuta, shi kuma zai yi gaba yana ƙirga taku, in yi masa oda idan na daina ganinsa. Shuɗiyar riga ce a jikinsa. A taku na ashirin da biyar ya ɓace mini. Ni malamin lissafi ne, ban buƙaci alli ba: mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Ashe duk tsawon lokacin nan abin da ke tsakanina da duk wanda ke gabana bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Na tambaye shi yadda aka yi ya ga amalanken kafin ni. Ya ce shi ma bai gan shi ba. Guntayen kara ya riƙa gani a zube a kan kwalta, sababbi, mota ba ta taka su ba, ya san mai zubar da su bai yi nisa ba. Da gudun jaki muka ƙarasa gida, sai bayan sha ɗaya muka shiga Maraɗi.

A hanya ne Kawu ya buɗe mini babin fitila. Ya ce a zamaninsu wannan ciwo babu shi. Peugeot 504 ɗinsa, wadda kowa ke kira Fijo, fuskar fitilarta gilashi ne mai kauri. Dutse kan fasa shi, amma rana ba ta iya masa komai, ruwa da tsumma sun ishe shi. Ya tuna yadda motocin da ake kawowa daga Faransa suke da haske ruwan ɗorawa, har ana gane su daga nesa. Daga baya na karanta cewa doka ce ta sa haka: tun daga 1937 Faransa ta wajabta wa sababbin motocinta wannan launi, ba ta sake su ba sai a 1993. Wancan ruwan ɗorawa da gangan aka yi shi. Na motata kuwa lalacewa ce.

Abin da na fahimta bayan na bi diddigi shi ne, tun daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara barin gilashi suna komawa wata roba mai suna folikabonet, wadda aka gano a 1953 a Jamus da Amurka kusan lokaci guda. Tana da dalilanta: ba ta da nauyi, ba ta tarwatsewa kamar gilashi idan an yi karo, kuma ana iya lanƙwasa ta yadda ake so. Rauninta biyu ne. Tana saurin karcewa, kuma wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet, yana cin ta. Saboda haka tun a masana'anta ake shafa mata wata siririyar fata mai tauri don kariya. Wannan fata ita ke fara mutuwa. Rana ta gasa ta daga waje, zafin ƙwai ya gasa ta daga ciki, rairayin hunturu ya riƙa gogar ta a kan gudu, mai wankin mota ya zo da busasshen tsumma ya ƙarasa. Sai ta dushe, ta tsattsage, ta fara ɓarewa kamar fatar maciji. Daga nan rana ta samu robar tsirara ta mayar da ita ruwan tsamiya. Hasken da ya kamata ya miƙe ya sauka a kan hanya sai ya watse ko'ina: kai ba ka gani, mai zuwa daga gaba kuma ka kashe masa ido. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu ta samu suna ba da kashi 22 cikin ɗari kawai na hasken sabuwa. A ƙasarsu ke nan, balle mu da rana ke kwana a kanmu wata tara a shekara.

Da a ce daga nan na nufi wajen masu sanin aikin, da labarin ya yi gajarta. Amma son araha ya ja ni. Na fara tambayar sababbin fitilu a wajen masu kayan mota, aka faɗa mini kuɗin da ya kusa rabin albashina, na fito ba sallama. Yaron da ke wanke mini mota ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, in kawo dala ɗari. Ya matsa man goge baki a tsumma ya dirje fitilun, ya wanke, sannan ya ɗiga man birki ya shafe. Nan take suka yi ƙyalli har ina ganin fuskata. Na ƙara masa dala ashirin don murna. Sati biyu ba su cika ba suka koma yadda suke, har sun fi da. Man goge baki yana da ɗan gari mai laushi da ke kankare saman dattin, shi ke nan iyakarsa. Mai kuwa cike ƙananan ramukan yake yi na ɗan lokaci, da ya bushe ko ƙura ta manne masa sai asiri ya tonu. Man birki ma ba abin wasa ba ne, yana cin fenti, robar ma ba ya barin ta lafiya.

Na biyu wani ne a bakin hanya mai gwangwanin fesawa. Bai kankare komai ba, wankewa kawai ya yi ya fesa wani ruwa mai sheƙi a kan tsohuwar fatar da ta riga ta mutu. Wata guda fitilun suka yi kyau. Daga nan abin ya fara tashi fale-fale, wani wuri fari, wani wuri rawaya, kamar bangon da damina ta ci. Gyaran gangar Auzinawa sosai. Kawu ya zo ya gani, ya girgiza kai ya ce, “Garin neman gira za ka rasa ido. Tashi mu je.”

Ya kai ni wajen wani dattijo mai fentin mota da suka san juna tun zamanin Fijo. Dattijon ya duba fitilun ya haska cikinsu, ya ce sai ya tabbatar ciwon a waje yake kafin ya taɓa. Idan ruwa na shiga ciki har ya yi gumi, ko kwanon nan mai sheƙi da ke mayar da haske ya ƙone, ko robar ta tsage har can cikin jikinta, to gugar waje ɓata lokaci ce. Ya ce yawancin kwanukan da ya ga sun ƙone, masu motar ne suka jawo: da sun ga haske ya ragu sai su cire ƙwai mai wat 55 su sa mai wat 100, zafi ya ƙarasa abin da rana ta fara. Nawa dai Allah ya rufa asiri, cikin lafiya yake.

Ya ce in dawo da sassafe kafin iska ta tashi. Na zo na zauna a kan wata tsohuwar taya na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Ya wanke fitilun da ruwa da sabulu, ya bi gefensu da salatif na takarda ninki biyu don kada ya taɓa fentin motar. Ya jiƙa sanfefa a bokiti. Ya fara da mai lamba 600, yana guga daga hagu zuwa dama, yaronsa na zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da ke gangarowa rawaya ne kamar kunun tsamiya. Bai tsaya ba sai da ruwan ya koma fari, alamar tsohuwar fata ta fita duka an kai ga lafiyayyar roba.

Da ya share na duba, sai gabana ya faɗi. Fitilar ta yi fari fat kamar an shafa mata nono, ko inuwar ƙwan ba a gani. Na miƙe tsaye na ce, “Baba, ai ta mutu gaba ɗaya!” Ya yi dariya ya ce duk mai mota a nan yake miƙewa, in koma in zauna. Ya ɗauki mai lamba 1000 ya goga daga sama zuwa ƙasa, sannan 1500 ya koma hagu da dama, sannan 2000. Ya ce dalilin sauya hannu shi ne ya riƙa ganin ko sawun sanfefar baya ya ɓace, don kowace aikinta ta share karcen wadda ta gabace ta. Wanda ya yi tsalle daga mai kaushi zuwa mai laushi, karcen farko na nan yana jiransa. Fitila ɗaya ta ci masa fiye da rabin awa. Da ya gama, in an zuba ruwa sai ta yi garau, in ta bushe ta koma dishi-dishi.

Sannan aka zo wurin da su yaron wanki ba su sani ba. Ya ce robar yanzu tsirara take, in aka goge ta da man sheƙi aka bar ta haka, za ta burge ni yau, amma kafin wata shida rana ta mayar da ita gidan jiya. Dole a mayar mata da fatar da aka cire. Ya sa aka tura motar cikin ɗakin fenti, aka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, aka rufe gaban motar da takardu. Ya goge fitilun tas, ya hana kowa taɓawa da hannu. Ya haɗa fentin nan marar launi da ake fesawa daga ƙarshe a kan fentin mota, irin mai jure rana, da ruwan da ke sa shi taurara. Ya ɗaure hanci da baki, ya kore mu waje don warin ba na shaƙa ba ne. Ta taga na ga ya fesa shafi ɗaya siriri, ya jira kamar minti goma, ya ƙara na biyu. Ina kallo dishin ya narke, ƙwai da kwano suka bayyana kamar an ɗaga labule. Ya ce motar ta kwana a nan, kuma kada ruwa ko tsumma ya taɓa fitilun sai bayan kwana uku.

Washegari da magariba ya tsayar da motar tana fuskantar bango, ya kunna ƙaramar wuta, sai ga ta dama tana kallon sama kamar mai neman wata. Ya juya wani ƙaramin kusa a bayanta har hasken biyu ya daidaita. Jika bakwai ya karɓa. Bai yi mini alkawarin sun zama sababbi ba, ya ce in na kula za su yi mini shekara biyu ko uku. Maganarsa ta zo daidai da abin da waccan ƙungiya ta Amurka ta samu, cewa gyara kan maido da kimanin kashi 70 cikin ɗari na hasken. Wanda ya fito daga kashi 22 ba zai raina 70 ba.

A daren muka fita bayan gari ni da Kawu, ya sa shuɗiyar rigar nan da gangan. Ya yi gaba yana ƙirgawa. Ya wuce ashirin da biyar, ya wuce arba'in, ina ganinsa har da hular kansa. Sai da ya haura sittin na yi oda. Da ya dawo ya zauna, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce shi ma shekaru ya yi bai san yana da yana ba. Ya ɗauka duniya ce ta ƙara ƙura. Ya zagi hazo, ya zagi masu fitilun zamani, ya zagi masu gyaran hanya, har ranar da ya kusa bi ta kan wata mata mai tallar fura a Takeita da rana tsaka. A daren ya miƙa makullin mota ga mai ita. Ya ce abin da ya ɗauke maka gani dare ɗaya, ihu za ka yi a kawo maka ɗauki. Wanda ke ɗiba kaɗan-kaɗan kuwa, kullum sai ka ga kamar haka jiya ma take.

Na tambaye shi abin da likitoci suka yi masa. Ya ce cire ƙwayar da ta dushe suka yi suka sa wata. Na ce, “Kawu, ka san wadda suka sa maka ɗin ta roba ce?” Mutumin da ya yi wata biyu yana zagin roba yana yabon gilashi sai ya yi shiru. Can ya ce, “To, ni dai tawa a inuwa take kwana.”

Na ɗauki wannan a matsayin umarni. Yanzu a lakwal ƙarƙashin dogon yaro nake ajiye motar, in wani ya riga ni sai in juya mata baya ga rana. A gida wani tsohon bargo nake yafa mata a fuska. Na hana a goge fitilun da busasshen tsumma, sai an fara zuba ruwa ƙurar ta sauka. Kuma na samu wata sabuwar ɗabi'a: duk inda na tsaya a gari sai na riƙa kallon idanun motocin mutane. Mai karatu, gwada wannan gobe a tasha ko a ƙofar masallacin Juma'a, ka ƙirga masu yana. Da yawansu motocin haya ne da ke kwasar mutane cikin dare, kuma na tabbata akwai direbobin da ke can suna zargin idanunsu ko suna zagin hazo. Wanda na sani nakan ja shi gaban motarsa in ce ya shafa. Wasu su gode, wasu su ce ai tana kamawa. Tawa ma tana kamawa a daren Agye.

Tabarau na nan cikin aljihun tebur, ban sake sa shi ba. Yaron amalanken ban san sunansa ba, ban san ƙauyensu ba, kuma da wuya in gane shi ko mun haɗu. Amma duk lokacin da na bi hanyar nan bayan girbi na ga guntun kara a kan kwalta, ƙafata da kanta take barin totur. Allah ya kiyaye mana hanya, ya raya shi.